Wuraren Tarihin Birnin Kano da Ido Ba Ya Kaiwa, da Yadda Na'urorin Zamani Za Su Kusanto da Su ga Jama'a



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne wuraren tarihi na cikin birnin Kano waɗanda yawancin jama'a ba su da halin gani, da kuma irin taimakon da na'urorin zamani, watau kwamfuta da intanet da wayar hannu da dangoginsu, za su iya yi wajen kusanto da waɗannan wurare. Ana iya haifar mutum a Kano, ya yi karatunsa a nan, ya yi aikin gwamnati shekara talatin da biyar har ya ajiye, bai taɓa wuce ƙofar fada ba, bai san siffar ƙofofin gari na asali ba, bai kuma taɓa ɗora ido a kan rubuce-rubucen da malaman garinsa suka bari ba. Abin da nake so in nuna shi ne, rufe wuri tsohon abu ne a Kano, kuma mutanen da sun san hanyar da ake bi a kai wa na waje abin da ke ciki ba tare da an keta hurumin gida ba. In za mu yi amfani da na'ura, lalle ne mu yi amfani da ita bisa wannan tsohuwar ƙa'ida, mu kuma gaggauta, domin abin da za a ɗauka yana ƙarewa.

Rufaffen wuri na farko

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Palmer ya juya zuwa Turanci ya buga a 1908, aka kuma sa fassararsa ta Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da labarin wani rufaffen wuri ya fara. A gindin Dala, inda masu tonon ƙasa suka sami alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7, akwai wata bishiya da ake bauta wa Tsumburbura a wurinta. An kewaye ta da bango, ba mai shiga sai Barbushe shi kaɗai. Jama'a sukan taru daga kowace nahiya su tsaya a waje, shi ya shiga, sa'an nan ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekarar. Ikon Barbushe duka a kan wannan bango ya dogara. Tun da ba wanda ya ga ciki, ba wanda zai iya ƙaryata shi. Haka abin ya zauna har zamanin Sarki Tsamiya, wanda ya yi sarauta daga 1307 zuwa 1343, shi ne ya fasa bangon ya shiga da ƙarfi.

Darasin da ke cikin wannan labari ga ɗalibin tarihi shi ne, duk wurin da mutum ɗaya ne yake shiga, to, abin da jama'a za su sani game da shi sai abin da mai shigar ya ga dama ya faɗa. Wannan matsala ba ta mutu da Barbushe ba. Yau ma akwai sassan tarihin birnin nan da saninsu ya taƙaita ga 'yan mutane kaɗan, waɗansu ma ba a ƙasar nan suke ba.

Gidan Rumfa da hikimar zaure

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya bar tsohuwar fada ya gina sabuwa a kudancin gari, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya shirya majalisar nan ta Tara ta Kano, a zamaninsa kuma Shehu Magili ya zo ya rubuta masa littafi kan wajiban sarakuna. Cikin abubuwan da marubucin tarihin ya ce Rumfa ne ya fara akwai kulle. Saboda haka tun ranar da aka gina gidan nan, an gina shi ne da waje da ciki.

Gidan Rumfa yana cikin tsofaffin fadoji na Afirka waɗanda har yanzu mutane suke zaune a ciki. Sarakunan Haɓe sun zauna a cikinsa, sarakunan Fulani suka gaje shi bayan jihadi, Turawa suka zo a 1903 suka same shi, kowane zamani kuma ya bar alamarsa a jikin ginin. Akwai Ƙofar Kudu inda ake taruwa ranar hawa, akwai Ƙofar Kwaru da Ƙofar Fatalwa, akwai soraye irin su Soron Ingila wanda ya samo sunansa daga tafiyar da Sarki Abdullahi Bayero ya yi zuwa Ingila a 1934. Baƙo mai alfarma yakan kai waɗansu daga cikin sorayen nan. Amma cikin gida, inda iyali suke, namiji baligi na waje ba ya shiga, kuma daidai ne kada ya shiga. Gida ne na mutane masu mutunci, ba wurin kallo ba ne.

To, amma cikin gidan nan tarihi ne cunkus. Binciken da Ruƙayyatu Ahmad Rufa'i ta yi a kan Gidan Rumfa, da wanda Heidi Nast Ba'amurkiya ta yi ta buga a 2005, sun yiwu ne domin su mata ne, sun sami izini sun shiga inda maza ba sa shiga. Ta wurin aikin Nast aka fahimci cewa matan fada na da sun riƙe muhimman ayyukan mulki, har da sha'anin hatsin da ake kawowa fada daga ƙauyuka da sana'ar rini, kuma tsarin ɗakuna da lunguna da rumbuna na gidan yana nuna yadda aka raba iko. Wanda bai san yadda aka tsara cikin Gidan Rumfa ba, rabin tarihin sarautar Kano ya sani.

A nan ne ya kamata mu tuna da hikimar maginin Hausa. Da ya tashi gina gida, bai bar baƙo a titi ba, bai kuma kai shi tsakar gida ba. Sai ya yi masa zaure. A zaure ake sallama, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa da abinci daga ciki, a yi ciniki, a ɗauki karatu, a ɗaura aure. Baƙo ya sami rabonsa daga gidan, mai gida kuma shi yake da ikon abin da zai fito da abin da zai zauna. A fada ma akwai jakadiya, wadda aikinta ke nan ta kai saƙo ciki ta fito da amsa. Ra'ayina shi ne, matsayin da ya dace da na'urar zamani game da wuri irin Gidan Rumfa shi ne matsayin zaure. Ana iya auna sorayen da aka yarda, da daurin gugan rufinsu, da zanen bangonsu, a nuna wa duniya. Ana iya zana taswirar tsarin gidan yadda yake a ƙarnin da ya wuce ba tare da an ɗauki hoton ɗakin kowa ba. Ana iya ɗaukar muryoyin dattawan fada, maza da mata, suna bayanin sunan kowane wuri da aikinsa, mata su ɗauki na mata. Abin da masu gida suka ce a bari, a bar shi.

Ganuwa da ƙofofi

Fada al'ada ce ta rufe ta. Ganuwa kuwa rushewa ce take rufe ta, kuma wannan ya fi muni, domin ƙofar da al'ada ta rufe ana iya neman izini a buɗe, amma bangon da ya koma ƙasa ba wanda za a roƙa.

Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Rumfa ya ƙara mata faɗi ta kudu domin ta haɗiye sabuwar fadarsa, sa'an nan a zamanin Muhammadu Nazaki, daga 1618 zuwa 1623, aka sake faɗaɗa ta ta fuskar Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga. Ganuwar nan ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Ta haɗa da Dala da Goron Dutse da gonaki masu yawa da ruwan Jakara, domin in abokan gaba sun yi wa gari zobe, mutanen karkara su shigo da dabbobinsu a kuma ci gaba da noma a ciki. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, ana rufe ta da dare. Kyaftin Clapperton ya gan ta a 1824. Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya zo a 1851, ya hau Dala ya dubi garin, ya kuma zana taswirarsa. Da sojojin Ingila suka ci garin ranar 3 ga Fabrairu 1903, Gwamna Lugga ya rubuta wa Landan cewa kewayen ganuwar ya kai mil 11, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi kuma kamar ƙafa 40.

Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. A da, sarauta ce take ɗora wa jama'a aikin gyaran ganuwa bayan damina, domin kowa ya san ransa ya dogara da ita. Da yaƙi ya ƙare, dalilin gyara ya ƙare. Ruwan sama ya yi ta cin ta shekara fiye da ɗari, masu gini suka yi ta ɗibar ƙasarta, gari ya cika ya tumbatsa, aka yi ta yanka filaye a kanta da gindinta. Da motoci suka yi yawa, ƙofofin da aka yi domin raƙumi da jaki suka zama ƙunci, aka rushe yawancinsu aka sake su da siminti. Ƙofar Na'isa ta asali a 2010 aka rushe ta domin faɗaɗa hanya. Haka kuma tsohon Masallacin Juma'a na ƙasa da hasumiyarsa sun tafi tun kafin wannan, aka gina na yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ba abin da ya rage na tsohon sai hotuna.

A 2007 Nijeriya ta sa ganuwar Kano, tare da Dala da Kasuwar Kurmi da fada, cikin jerin wuraren da take fatan Hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. Sukur ta Adamawa ta shiga tun 1999, kurmin Osun na Oshogbo ya shiga a 2005, Kano kuwa tana jira. A 2024 hukumar ta karɓi hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya. Abin farin ciki ne, amma ya kamata mu lura: dawaki da mahaya sun sami shiga, ganuwar da suke ratsawa ba ta samu ba, kuma kowace damina da kowane sabon fili da aka yanka suna rage hujjar da za mu kai.

An yi ƙoƙarin adana siffar waɗannan gine-gine tun kafin zuwan kwamfuta. Moody ya bi ganuwa da ƙofofi ya rubuta littafi a kansu wanda Ma'aikatar Kayan Tarihi ta buga. Farfesa Bawuro Barkindo ya yi nazarin tarihin ƙofofin. Zbigniew Dmochowski, masanin gini mutumin Poland, ya yi shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya da igiyar awo da fensir, daga aikinsa ne aka gina kwafin wani yanki na ganuwar Kano da na Masallacin Juma'ar Zariya a gidan tarihin gine-gine na Jos. Amma littattafan nan sun yi wuyar samu, ɗan Kano kuma bai kamata sai ya je Jos zai ga yadda ganuwar garinsa take ba.

Abin da nisa ya rufe

Akwai kuma gadon da yake nan lafiya lau, sai dai ya yi nisa. Alhaji Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962, ya bar littattafai da takardu fiye da dubu uku, na Larabci da na ajami, kan fiƙihu da tasawwufi da magani da waƙa da wasiƙu. Yau suna ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern, kusa da Cikago a Amurka. An adana su da kyau, amma ɗalibin Jami'ar Bayero da yake son sanin abin da malamin Kano yake karantawa a farkon ƙarnin da ya wuce, sai ya nemi biza da kuɗin jirgi. Haka hotunan Kano na farkon zuwan Turawa da rahotannin Razdan suke warwatse tsakanin Landan da Oksfod da Kaduna. A cikin gari ma, gidajen malamai na unguwanni irin su Madabo suna da littattafai a gafaka da akwati, waɗanda gara da ɗanshi suke yi wa barazana, magada kuma suna tsoron bayarwa domin sun ga waɗanda suka ba da aro ba a mayar musu ba.

Abin da na'ura take iyawa

Bari in yi bayanin yadda aikin yake a taƙaice, domin kada a ɗauka sihiri ne. Akwai na'urar awo da ake kafawa a kan ƙafafu uku a gaban gini. Tana harba siririn haske mai suna lesa zuwa jikin bango, ta lissafa nisan wurin daga yadda hasken ya dawo, ta yi haka sau dubbai cikin daƙiƙa guda tana juyawa. In an kewaye ginin da ita, sai kwamfuta ta haɗa miliyoyin ɗigon nan su zama siffar ginin, da tsawo da faɗi da zurfi, har tsagar bango da lanƙwasar bakan gizo. Akwai hanya ta biyu mai araha: a ɗauki ɗaruruwan hotuna na abu guda ta kowace fuska, daga ƙasa da kuma daga sama da ƙaramin jirgi maras matuƙi, kwamfuta ta gwama su ta fitar da siffar. Ɗalibi mai kyamara mai kyau da horo na 'yan makonni zai iya wannan. Ta uku ita ce gwama tsofaffin hotunan sama da sababbin hotunan tauraron ɗan adam. Da taswirar Barth, da hotunan jirgin sama na zamanin Turawa, da hotunan leƙen asiri na shekarun 1960 waɗanda Amurka ta saki a 1995, da na yau, ana iya bin layin ganuwa taku-taku a ga inda ta tsaya da inda ta ɓace da lokacin da ta ɓace. Littattafai kuwa, ana ɗaukar hoton kowane shafi a gidan mai shi, a gabansa, a bar masa abinsa.

An gwada waɗannan hanyoyi a wurare da yawa. A Faransa akwai kogon Lascaux mai zanen dabbobi na mutanen da, wanda aka gano a 1940. Numfashin masu kallo ya fara ɓata zanen, aka rufe shi a 1963, aka gina kwafinsa a 1983, sa'an nan aka yi wani cikakke a 2016 bisa awon lesa. Da gobara ta ci majami'ar Notre-Dame ta Faris a 2019, awon da wani malami Andrew Tallon ya yi kafin rasuwarsa yana cikin abin da aka dogara da shi, aka sake buɗe ta a 2024. A nan Afirka, ƙungiyar Zamani ta Jami'ar Cape Town ta auna masallacin Jenne da na Tumbutu da majami'un Lalibela na Habasha. A 2022 kamfanin Google tare da masu riƙon littattafan Tumbutu suka sa shafuka fiye da 40,000 a intanet. A wannan shekarar kuma aka buɗe shafin Digital Benin, wanda ya tattara bayanin kayan tarihin Benin fiye da 5,000 da suke warwatse a ƙasashe 20 tun bayan harin 1897. Na kusa da mu, Jami'ar Boston tare da malaman Jami'ar Bayero sun ɗauki rubuce-rubucen ajamin Hausa sun sa inda kowa zai iya karantawa. Saboda haka ba sabuwar hanya za mu sara ba.

Inda haɗarin yake

Haɗari na farko, wanda ya fi shafar ma'aikatan gwamnati, shi ne a mai da hoto hujjar rushewa, a ce tun da an ɗauka an adana, sai a kawo katafila. Hoton ganuwa ba ya tare iska, ba ya yi wa kowa inuwa, ba kuma za a iya tona shi a sami guntun tukunya ko gawayin da zai faɗi shekarun ginin ba. Na'ura fatar bango kawai take gani. Abin da ke cikinsa, watau jerin tubalan zamanin Gijimasu da na Rumfa da na Nazaki, yana nan ne muddin bangon yana tsaye.

Labarin Tumbutu ya isa misali. A 2012 'yan bindiga suka rushe hubbarorin waliyyai na garin, har Kotun Duniya ta Hague ta ɗaure ɗaya daga cikin jagororinsu, Ahmad al-Faƙi al-Mahdi, shekara tara a 2016. An sake gina hubbarorin a 2015. Tsofaffin hotuna da awo sun taimaka, amma waɗanda suka ɗora tubali a kan tubali su ne maginan garin da suka gaji sana'ar. A Jenne ma abin da ya tsai da masallacin shi ne fitowar da mutanen gari suke yi kowace shekara su yaɓe shi. Mu ma muna da Sarkin Gini da mutanensa, masu sanin yadda ake cuɗa ƙasa a yi tubali, da yadda ake jera azara, da haɗa makuba daga kwasfar ɗorawa, da laso daga katsin marina. In wannan sani ya mutu, siffar da ke cikin kwamfuta ba ta da mai mayar da ita gini. Don haka duk shirin da ya ware kuɗin na'ura bai ware na magina da almajiransu ba, ya gina rufi ne babu ginshiƙi.

Haɗari na biyu shi ne a ɗauka abin da ya shiga kwamfuta ya dawwama. A 1086 Sarkin Ingila ya sa aka rubuta ƙidayar ƙasarsa a kan fata, littafin yana nan ana karantawa. A 1986 gidan rediyon BBC ya yi irin wannan ƙidaya a kan faifan zamani domin cikar shekara 900, kafin shekara ashirin na'urar karanta faifan ta ɓace daga kasuwa, sai da masana suka sha wahala kafin su ceto abin da ke ciki. A watan Oktoba na 2023 ɓarayin intanet suka kutsa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, aka yi watanni ba a iya duba kundayensa daga nesa. In haka ta sami masu kuɗi da wutar da ba ta ɗaukewa, to, wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta sai ya shafa wa nasa ruwa.

Na uku shi ne mallaka. In baƙo ya zo da na'urarsa ya auna Gidan Makama ko marinar Ƙofar Mata, ya tafi da awon, ya sa a shafinsa da harshensa, to, mun sake yin abin da ya faru da littattafan Umaru Falke, mun kuma naɗa sabon Barbushe wanda shi kaɗai zai shiga ya fito ya gaya mana tarihinmu. Haɗin gwiwa da na waje abu ne mai kyau, muna kuma bukatarsa, amma a rubuta yarjejeniya tun farko: asalin awon ya zauna a Kano, a horar da 'ya'yanmu, mai gida ko mai littafi ya san inda hoton kayansa zai je.

Abin da ya kamata a yi

Hukumomin da abin ya shafa suna nan: Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979 kuma take riƙe da Gidan Makama, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da Masarauta, da hukumar tsara birni, da jami'o'inmu. Abin da ya rage shi ne su zauna a tabarma ɗaya su jera aikin bisa gaggawarsa. A fara da abin da damina mai zuwa za ta iya ɗauka, watau ragowar ganuwa da tsofaffin sorayen ƙasa na unguwanni, da kuma dattawan da suka san sunayen wurare. A kafa doka cewa ba za a taɓa wani tsohon gini domin hanya ko kasuwa ba sai an nemi hanyar kauce masa, in ya zama tilas kuma sai an auna shi an ajiye awon. A ajiye kwafi a wurare uku dabam, ɗaya a jami'a, ɗaya a hukuma, ɗaya a wajen jiha, a kuma sa kuɗin kula da su cikin kasafin kowace shekara, kada a dogara da tallafin da zai ƙare bayan shekara biyu.

Sa'an nan a tuna da wanda ake yi domin shi. Yawancin mutanenmu da ƙaramar waya suke shiga intanet, suna kuma lissafin kuɗin data. Shafin da ba ya buɗewa sai da babbar kwamfuta, bayaninsa kuma da Turanci, wata sabuwar ganuwa ce. A yi shi marar nauyi, a yi shi da Hausa, da boko da ajami, a sa murya domin mu mutane ne masu sauraro, a kai shi makarantun firamare da na Islamiyya, a kuma kai wa matan da ke cikin gida, waɗanda da yawansu ba su taɓa hawa Dala ba ko da yake suna hango ta daga tsakar gida.

Ku ɗalibai, tsohon matsugunin Jami'ar Bayero yana dab da ganuwa, kuna wuce ta safe da yamma. Mai karatun tarihi da mai karatun zanen gini da mai karatun kwamfuta da mai karatun Hausa ko Larabci, in suka haɗu su huɗu suka ɗauki ƙofa guda ko zaure guda ko akwatin littattafai guda a matsayin aikinsu na shekarar ƙarshe, cikin shekara goma za a tara abin da wata hukuma ba ta tara ba. Ku kuma ma'aikata, takardar izinin yanka fili a gindin ganuwa ta teburin ɗayanku take bi kafin ta zama gini. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya ga Ƙofar Na'isa ta asali a wayarsa, ya ga tsayin bangon da kakanninsa suka ɗora da hannu, da wuya in ya girma ya sa hannu a rushe abin da ya saura.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.  Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu ikon riƙe amanar da muka gada.